Kurt Warner: Gwanin da Ya Daɗe a Benci

A watan Afrilun 1994, ƙungiyoyi 28 na babbar gasar ƙwallon Amurka, wato NFL, suka zauna a birnin New York don rabon sababbin 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i. An yi zagaye bakwai, an kira sunaye 222. Kowace ƙungiya ta zo da rahoton mutanen da take biya albashi musamman don su kewaya ƙasar suna farautar gwanaye. Sun auna tsayin samari da nauyinsu, sun ƙirga daƙiƙun gudunsu, sun kalli faifan wasanninsu. Babu ƙungiya ko ɗaya da ta kira sunan Kurt Warner, wani saurayi ɗan shekara 22 daga Jami'ar Arewacin Iowa. Kafin a cika shekara shida, shi ne gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, kuma shi ne ya ja ƙungiyarsa ta ɗauki kofin Super Bowl. Har yau babu wani da aka tsallake a wannan zaɓe da ya haɗa lambar gwarzon gasa da ta gwarzon wasan ƙarshe in ba shi ba.

Amurkawa suna son wannan labari ƙwarai, har sun mayar da shi fim a 2021. Yadda suka fi ba da shi kuwa, labari ne na mai jera kaya a kanti wanda ya yi haƙuri har ya dafa dutse ya sha romo. Haƙurin gaskiya ne, romon ma gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da wannan bayani yake tsallakewa: yaya aka yi ƙwararru masu yawa haka, da kuɗi masu yawa haka, suka kasa ganin mutumin da daga baya ya fi kusan kowa? Amsar tana cikin yanayin aikin da yake yi a fili, da kuma irin makarantar da ya fito.

Aikin madugu

Ko da yake Amurkawa suna kiran wasan da sunan ƙwallon ƙafa, da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da tela yake aunawa, sai kuma wani yanki mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta yi, a sake ba ta huɗu, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo cikin yankin ƙarshe ya ci maki shida, kuma wannan shi ne babban ci a wasan.

Kowane yunƙuri yana farawa da miƙa ƙwallo ga mutum guda, wanda suke kira kwatabak. Kalmar Hausa da ta fi kusa da matsayinsa ita ce madugu, domin shi ne yake sanar da 'yan ayari dabarar da za a bi, shi yake karanta tsayuwar abokan gaba, shi yake canza shawara in ya ga tarko. Da ƙwallo ta shiga hannunsa, yana da abin da bai wuce daƙiƙa uku ba ya zaɓi ɗaya daga cikin mutum huɗu ko biyar da suke gudu a sassa dabam-dabam, ya jefa ta inda mutumin zai isa, tun kafin ya isa. A cikin waɗannan daƙiƙu, ƙarti masu nauyin kilo 120 zuwa 140 suna ƙoƙarin keta masu tsaronsa su kayar da shi.

Abu biyu ne suka bambanta wannan matsayi da sauran. Na farko, mafi muhimmancin kayan aikin madugu yana cikin kansa: saurin gane abin da ke faruwa, da natsuwa lokacin da ake shirin maka shi da ƙasa. Ana iya auna tsayi da tsawon jifa da safe a filin atisaye, amma waɗannan biyun ba sa bayyana sai a wasa na gaske. Na biyu, kujerar guda ɗaya ce. A ƙwallon ƙafar da mai karatu ya saba da ita, ɗan gaba na biyu yakan shigo a minti na 70 ya nuna kansa. Madugu ba a yi masa irin wannan canji, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Muddin na farko yana da lafiya kuma ƙungiya tana cin wasa, na biyu zai iya shekara bai taɓa ƙwallo a lokacin da ake da buƙata ba. Ko a atisaye, na farkon ne yake cinye mafi yawan jifan.

Idan aka haɗa waɗannan biyu, sakamakon a fili yake. Gwanintar madugu ba ta da shaida sai wasa, wasan kuma mutum ɗaya ne yake samu.

Manyan jami'o'i da ƙanana

A Amurka, jami'a ce makarantar horon ɗan ƙwallo, kuma jami'o'in hawa-hawa ne a ƙarƙashin hukumar NCAA. A zamanin Warner, manyan makarantu na rukunin da ake kira I-A su ne masu kuɗi da talabijin. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Ƙasa da su akwai rukunin I-AA, wanda aka raba da na sama a 1978, inda aka ƙayyade yawan tallafin karatu na 'yan ƙwallo. Sai rukuni na biyu, sai na uku wanda ba a ba da tallafin karatu don wasa ko kaɗan. Ko a haɗe gaba ɗaya, waɗanda NFL take zaɓa ba su kai biyu cikin ɗari na 'yan wasan da suka isa zaɓe ba, kuma mafi yawansu daga rukunin sama suke fitowa.

Akwai dalili mai ma'ana a cikin wannan fifiko. Mai farautar gwanaye da ya ga saurayi ya yi fice a babbar makaranta ya san cewa ya yi ficen ne a kan waɗanda gobe za su shiga NFL tare da shi. Wanda ya yi fice a ƙaramar makaranta kuwa, dole a tambaya ko gwaninta ce, ko kuwa raunin abokan karawa ne. Ban da wannan, akwai tsoron abin da zai biyo baya. Jami'in da ya zaɓi ɗan babbar makaranta ya gaza, za a ce yaron ne ya ba da kunya. Wanda ya zaɓi ɗan makarantar da ba a sani ba ya gaza, shi za a tuhuma, wataƙila ma ya rasa aikinsa. Sunan makaranta inshora ce ga mai zaɓe.

An haifi Warner ranar 22 ga Yunin 1971 a garin Burlington na jihar Iowa, ya tashi a Cedar Rapids, ya gama sakandare a 1989. Manyan makarantu ba su ba shi gurbi ba, sai ya tafi Jami'ar Arewacin Iowa da ke Cedar Falls, wadda a lokacin take rukunin I-AA, filinta mai rufi kuma a lokacin yana ɗaukar mutum kimanin 16,000. A can ma bai samu kujerar ba. Ƙungiyar tana lashe gasar yankinta shekara bayan shekara da madugun da ta riga ta mallaka, saboda haka kocin ba shi da dalilin taɓa abin da yake tafiya daidai. Warner ya yi shekara huɗu yana kallo daga gefe. Sai a 1993, shekararsa ta ƙarshe, aka miƙa masa ragama, kuma a wannan kaka guda aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gaba na gasar yankin, wadda ake kira Gateway.

Don a gane nauyin waɗannan shekaru huɗu, yana da kyau a dubi wani sa'ansa. Steve McNair ya yi wasa a Jami'ar Alcorn State da ke jihar Mississippi, ɗaya daga cikin makarantun da aka kafa don baƙaƙen fata, kuma ita ma rukunin I-AA take. Bambancin shi ne McNair ya samu fili tun shekararsa ta farko. Kafin ya gama ya tara jifa na fiye da yadi 14,000, ya zo na uku a zaɓen kyautar Heisman ta 1994, wadda ake ba gwarzon jami'o'in ƙasar duka. A 1995 ƙungiyar Houston Oilers ta ɗauke shi a matsayi na uku cikin dukan 'yan wasan shekarar. Ƙanƙantar makaranta ba ta hana a gan shi ba, domin yana da kaka huɗu na shaida. Warner yana da ɗaya, a gaban abokan karawar da ba a ɗauke su da nauyi ba.

Kanti da ƙaramin fili

Bayan zaɓen 1994, ƙungiyar Green Bay Packers ta gayyace shi sansanin gwaji. Nan ma ya tarar da layi. A gabansa akwai Brett Favre, wanda ba da daɗewa ba zai zama gwarzon gasa sau uku a jere, da Mark Brunell, da Ty Detmer wanda ya taɓa cin kyautar Heisman. Aka sallame shi kafin a fara kaka. Ya koma Cedar Falls, ya kama aikin dare a babban kantin Hy-Vee yana jera kaya a kanta, ana biyansa dala 5.50 a awa, da rana kuma yana taimaka wa masu horarwa a tsohuwar makarantarsa.

Wannan kanti shi ne abin da aka fi tunawa a labarinsa, amma matakin da ya biyo baya ya fi shi tasiri. A 1995 Warner ya shiga Iowa Barnstormers ta birnin Des Moines, ƙungiya a gasar Arena, wadda ake bugawa a cikin zauren wasanni mai rufi. A idon mutanen NFL, wannan gasa abin nishaɗi ce kawai, kuma wanda ya shige ta kamar ya amsa cewa tasa ta ƙare. Filin yadi 50 ne a tsaye, faɗinsa bai kai yadi 30 ba, wato kusan rubu'in babban fili, an kewaye shi da bango mai katifa. Kowane ɓangare mutum takwas ne, kuma kusan kowane yunƙuri jifa ne.

Ƙuncin filin ya zama makaranta. Masu kai hari suna isowa da wuri, tazarar da ke tsakanin mai karɓa da mai tsaronsa kaɗan ce, saboda haka madugun da ya yi jinkirin rabin daƙiƙa ko ya kauce da taki ɗaya ya yi asara. Warner ya yi kaka uku a haka. Ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 1996 da 1997, ko da yake an doke su duka biyun, kuma a shekarun biyu an zaɓe shi madugun da ya fi kowa a gasar. Shi da kansa ya sha faɗa cewa wannan fili ne ya koya masa saurin yanke shawara. Jifan da bai samu ya yi a jami'a ba, a nan ya rama su, a gaban 'yan kallo, ana dukansa, ana lissafa masa kuskure.

A 1997 ƙungiyar Chicago Bears ta yi niyyar gwada shi, sai gizo-gizo ya cije shi a gwiwar hannun da yake jifa da shi lokacin hutun amarcinsa, gwajin ya wuce shi. Wanda ya buɗe masa ƙofa a ƙarshe shi ne Al Luginbill, kocin Amsterdam Admirals ta ƙasar Holan, a gasar da NFL ta kafa a Turai don horar da 'yan wasan da ba su nuna ba. Luginbill yana son Warner, ya nemi wata ƙungiyar NFL ta sa masa hannu ta ba da aronsa, St. Louis Rams ta yarda. A bazarar 1998 Warner ya fi kowa a gasar Turai yawan yadin jifa da yawan jifan ci. Da ya dawo St. Louis aka sa shi na uku a layi. A duk kakar 1998 jifa 11 ya yi, huɗu suka isa hannu.

Ko a lokacin, waɗanda suke ganinsa kullum ba su san abin da suke riƙe da shi ba. A farkon 1999, da aka sake kafa ƙungiyar Cleveland Browns, aka umarci kowace ƙungiya ta fitar da sunayen 'yan wasan da za ta iya rabuwa da su don sabuwar ta zaɓa. Rams ta sa sunan Warner a ciki. Cleveland ma ba ta ɗauke shi ba.

Kakar 1999

Rams ta ci wasa huɗu ne kacal cikin 16 a 1998. Don gyara, ta ɗauko Mike Martz ya tsara dabarun kai hari, ta sayo Marshall Faulk daga Indianapolis, ta zaɓi matashin mai karɓa Torry Holt ya haɗu da Isaac Bruce, sannan ta ba Trent Green babbar kwangila ya zama madugu. A ƙarshen watan Agusta, a wasan share fage da San Diego Chargers, wani mai tsaron baya, Rodney Harrison, ya faɗa wa Green a gwiwa, jijiya ta tsinke, kakarsa ta ƙare tun ba a fara ba. Koci Dick Vermeil ya fito gaban 'yan jarida da hawaye, ya ce ƙungiyar za ta taru a bayan Warner. Mutane kaɗan ne suka ɗauki maganar da muhimmanci.

Warner yana da shekara 28 a lokacin, bai taɓa fara wasan NFL ba. A kowane ɗaya daga cikin wasanninsa uku na farko ya yi jifan ci uku. A watan Oktoba mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta tana tambayar ko wane ne wannan mutum. Ya gama kakar da yadi 4,353 da jifan ci 41, kashi 65 cikin ɗari na jifansa sun isa hannu, ƙungiyar ta ci wasa 13 ta faɗi uku. Aka zaɓe shi gwarzon gasa, alhali albashinsa na cikin mafi ƙanƙanta a ƙungiyar.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Faulk da Bruce da Orlando Pace, mai tsare masa baya, dukansu sun shiga zauren tarihin wasan daga baya. Amma tsarin Martz yana buƙatar irin madugu na musamman, wanda zai saki ƙwallo zuwa wurin da babu kowa tukuna, ya amince mai karɓa zai isa, ya kuma tsaya ya sha duka bayan ya saki. Wannan shi ne ainihin abin da Warner ya shekara uku yana yi a zauren Des Moines. Da ya fito babban fili, sai ya ga sarari ya yi masa yawa.

Ranar 30 ga Janairun 2000, a birnin Atlanta, Rams ta kara da Tennessee Titans a wasan Super Bowl. Titans ita ce tsohuwar Houston Oilers da ta sauya gari da suna, madugunta kuma Steve McNair ne. Wato a wasa mafi girma a ƙasar, madugai biyun duka 'yan ƙananan makarantu ne, ɗaya an ɗauke shi na uku, ɗaya ba a ɗauke shi ba sam. Ana kunnen doki 16 da 16, saura kimanin minti biyu, Warner ya jefa wa Bruce ƙwallon da ta zama ci daga nisan yadi 73. McNair ya ja tasa ƙungiyar har bakin gida, amma a yunƙurin ƙarshe Mike Jones ya kayar da Kevin Dyson saura yadi ɗaya ya shiga. Aka tashi 23 da 16. Warner ya yi jifan yadi 414, abin da ba a taɓa yi a wasan ƙarshe ba kafin nan. Bayan 'yan watanni aka ba shi kwangilar shekara bakwai ta kusan dala miliyan 47.

Benci ya sake dawowa

A 2001 ya sake zama gwarzon gasa da yadi 4,830, Rams ta ci wasa 14, ta koma Super Bowl. A can New England Patriots ta doke su 20 da 17. Madugun Patriots, Tom Brady, shi ne na 199 a zaɓen 2000, kuma shi ma ya samu kujerarsa ne a wannan kaka saboda raunin da Drew Bledsoe ya ji. Faɗuwar wani tashin wani ce, kuma ba da daɗewa ba karin maganar ta juyo kan Warner. A 2002 ya karye a yatsa, ya faɗi duk wasanni shida da ya fara, Marc Bulger da ke bayansa ya shiga ya riƙa ci. A wasan farko na 2003 ƙwallo ta suɓuce masa sau shida, aka gano ya samu buguwa a kai, aka zaunar da shi. A 2004 Rams ta sallame shi.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa lambobin yabo biyu ba su goge asalin mutum a lissafin masu ƙungiyoyi ba. New York Giants ta ɗauke shi a 2004 don ya riƙe wa Eli Manning wuri, wanda shi ne na ɗaya a zaɓen shekarar. Warner ya ci biyar cikin wasanni tara, duk da haka aka zaunar da shi aka sa Manning. Ya koma Arizona Cardinals a 2005. A 2006 ƙungiyar ta zaɓi Matt Leinart na Jami'ar Kudancin California, mai kyautar Heisman, kuma cikin 'yan makonni aka miƙa masa kujerar. Ƙungiyar da ta kashe babban zaɓe da miliyoyin daloli a kan matashi dole ta ba shi fili, domin mutuncin waɗanda suka zaɓe shi yana rataye da shi. Wanda aka tsinta kyauta ba shi da irin waɗannan masu kare shi.

Sai a 2007 Leinart ya karye a ƙashin wuya, Warner ya sake shiga. A 2008, yana da shekara 37, ya ja Cardinals, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1947, zuwa Super Bowl ɗinta na farko. Ranar 1 ga Fabrairun 2009 Pittsburgh Steelers ta doke su 27 da 23 a daƙiƙun ƙarshe. Warner ya yi yadi 377 a wasan, amma kuma jifansa ne James Harrison ya cafke dab da hutun rabin lokaci ya gudu da shi yadi 100 ya ci. A watan Janairun 2010, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Green Bay, ƙungiyar da ta fara sallamarsa, ya yi jifa 33, guda 29 suka isa hannu, biyar suka zama ci, wato jifan cinsa ya fi wanda ya ɓata yawa. Bayan mako guda New Orleans Saints ta fitar da su, a ƙarshen watan ya yi ritaya. A ranar da ya ajiye wasa, matsayi na ɗaya da na biyu da na uku na yawan yadin jifa a tarihin Super Bowl duka nasa ne. A 2017 aka shigar da shi zauren tarihin wasan da ke Canton, jihar Ohio.

Abin da ma'auni bai kama ba

Warner mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, kuma yakan danganta abin da ya same shi ga Allah. Masu nazarin wasa kuma suna da nasu abin dubawa. Madugun farko da aka ɗauka a zaɓen 1994 shi ne Heath Shuler na Jami'ar Tennessee, a matsayi na uku, kuma bai yi nisa a NFL ba. Waɗanda suka fifita shi a kan Warner ba wawaye ba ne. Sun yi hukunci da abin da ke gabansu, kuma a kan Warner abin da ke gabansu kaka ɗaya ce. Kuskuren tsarin shi ne ɗaukar rashin shaida a matsayin shaidar rashi, kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata yana tace takardu da sunan makaranta ya san yadda wannan kuskure yake da sauƙin yi.

Akwai kuma abin da ya kamata ya rage wa labarin zaƙi. Da gwiwar Trent Green ba ta tsinke ba, mai yiwuwa ne Warner ya ƙare rayuwar wasansa a benci, kuma babu wanda zai ce an yi asarar kome. Green ɗin ma gwani ne, ya koma Kansas City ya yi suna. Wannan yana nufin cewa ba a san adadin irin su Warner da suka tsaya a layi har shekaru suka cinye su ba, domin wanda ke gabansu bai ji ciwo ba. Abin da ke hannun Warner shi ne ya ƙi zama, ya je inda za a bar shi ya jefa ƙwallo ko da wurin abin raini ne, ta yadda ranar da ƙofa ta buɗe ya riga ya shirya. Buɗewar ƙofar kuwa ba a hannunsa take ba.

Hanyoyin da ya bi sun sauya tun daga lokacin. NFL ta rufe gasarta ta Turai a 2007. Gasar Arena ta tsaya a 2009, ta dawo, sannan ta durƙushe da bashi a 2019. A gefe guda kuma, tun daga 2018 NCAA ta sauƙaƙa wa ɗan wasa sauya makaranta, saboda haka saurayin da aka ajiye a benci a yau ba dole ne ya jira shekara huɗu ba. Kujerar dai har yanzu guda ɗaya ce. A 2023 Tyson Bagent, wanda ya fito daga Jami'ar Shepherd ta rukuni na biyu a jihar West Virginia, ya shiga Chicago Bears ba tare da an zaɓe shi ba. A watan Oktoba ya fara wasansa na farko, ya kuma ci. Ya samu filin ne saboda madugun ƙungiyar, Justin Fields, ya gurɗe a babban yatsa, kuma da Fields ya warke, Bagent ya koma benci.